Takin Ramin Majema

Mahaifina bai taɓa wuce kashin saniya a hanya ba. Ko masallacin Juma'a za shi, da farar rigarsa, in ya gan shi sai ya tsaya ya sa ƙafa ya ture shi gindin wata bishiya inda zai gane, a dawowa ya kwashe a leda. Muna yara abin nan yana ba mu kunya ƙwarai. Inna, mahaifiyata, takan ce da za a ajiye masa buhun shinkafa da buhun kashin kaji a ce ya zaɓa, ranar da yunwa za mu kwana. Shi ko murmushi ba ya yi, sai ya ce shinkafa ta kwana ɗaya ce, taki kuwa na shekara.

Ba a banza ya zama haka ba. Gonar da ya gada tana ƙarƙashin ruwan Tiga. Yana saurayi aka datse kogi, aka tashe su daga ƙauyensu, aka kawo su nan ƙasar Bebeji aka yanka wa kowane gida fili. Waccan fadama ce, baƙar ƙasa, wadda a faɗarsa ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Wadda aka ba shi a madadinta jigawa ce, farin yashi, ka zuba ruwa kafin ka ɗago kai ta shanye. Ita ke nan gare shi, ba shi da ta biyu, kuma duk rayuwarsa jinyarta ya yi. Da bazara ta kama, kafin ruwan shuka, sai a share turken awaki da akurkin kaji, a haɗa da toka da jujin gida, a loda wa jaki a mangala, a kai gona a zuba tsibi-tsibi, a jira ruwa a baza. Haka kowa yake yi a garinmu. Mai wucewa yakan dubi yawan tsibin taki a gonar mutum ya san ko bana za a yi biki a gidan.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Waɗanda suka san ta sun ce har zafin ranta na gado, ni kuma ban taɓa musawa ba.

Ta gabas da garin akwai wani ƙaton rami da masu aikin titi suka bari lokacin da suka ɗebi jar ƙasa. Ina firamare tifofi suka fara zuwa daga birni suna juye wani abu a cikinsa. Dattin wani kamfanin jima ne, inda ake gyaran fatu: wata laka mai shuɗi-shuɗi, cakuɗe da gashi da guntayen fata. In iska ta juyo daga gabas tuwo ba ya haɗiyuwa. Babu wanda aka tambaya a cikinmu. Direbobin sun ce izini daga sama aka ba su, mu kuwa da izini daga sama aka taso iyayenmu daga gidajensu, mun san ba a jayayya da shi.

A daminar farko awakin da suka sha ruwan da ya kwanta a gefen ramin suka kumbura suka mutu. Rijiyar gidajen da ke kusa ta koma ɗaci, ruwanta ya ɗauki launin ɗorawa, aka rufe bakinta da ƙaya. Mai unguwar wancan lokaci ya hana kowa zuwa wurin, hanin da ma ba a buƙace shi ba, wari ya riga shi. Tun daga nan ake ce wa wurin Ramin Majema.

Sai kamfanin ya mutu, tifofi suka daina zuwa. Rana ta yi ta duka, damina ta yi ta wankewa, har warin ya tafi. Lakar ta bushe, samanta ya yi baƙi ƙirin, ya yi laushi kamar tsohon juji. Zurma da tumfafiya suka fito a kai, ganye faffaɗa, kore shar har tsakiyar rani, lokacin da ko ciyawar da akuya za ta tsinka babu a garin. Na sha lura da Baba in mun biyo ta nan, yakan rage tafiya yana yi wa zurmar nan irin kallon da mai azumi yake yi wa randa.

Amma ramin bai bar mu ba. Duk damina ruwansa yana tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa, bana wannan rijiya ta yi ɗaci, bayan 'yan shekaru ta gaba da ita. Yaran unguwar gabas ba sa rabuwa da ƙaiƙayi da wasu ƙuraje da ba sa jin magani. A lokacin na riga na yi aure a cikin garin Bebeji, ina koyarwa a firamare, sai ƙarshen mako nake hawa acaɓa in zo gaishe da su Inna.

Wanda ya tayar da maganar ramin ɗan maƙwabcinmu ne, da ya karanci shari'a ya zama lauya a birni. Ya daɗe yana bin sawun kamfanin nan a ofisoshi. Ranar da ya zo da labari an taru a ƙofar gidan mai unguwa ƙarƙashin darbejiya, maza a tabarmi, mata a cikin zaure, ni ina bakin ƙofa don in riƙa maimaita wa na ciki abin da ba su ji ba. Ya durƙusa ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fara.

"Iyayena, kamfanin nan ya mutu, mai shi ma ya rasu, babu wanda za mu kama. Amma a shekarun da yake zuba mana dattin nan, yana biyan wani kamfanin inshora duk shekara, bisa alkawarin cewa in aikinsa ya cuci wani, su za su ɗauki nauyi. Wannan kamfanin inshorar yana nan da ransa, suna kawai ya sake. Alkawari kuma ba ya ruɓewa don ya tsufa. In muka nuna musu cewa dattin na wancan kamfani ne, dole su biya a kwashe shi kaf, a kai inda ba zai cuci kowa ba, a cike ramin, a haƙa mana rijiyar burtsatse. Sharaɗi ɗaya ne. Za su turo mutanensu su auna, su ɗebi ƙasar su gwada, kuma sai sun same shi yadda aka zuba shi. Don girman Allah kada kowa ya taɓa."

Aka yi ta Allah ya yi albarka. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Yaro, tsaya in fahimta. Mutanen da ba su suka zuba ba, ba su san mu ba, su ne za su kawo motoci da mai da leburori, su kwashe datti su tafi da shi, ba su karɓi komai ba?"

"Sun riga sun karɓa, Baba, tun da daɗewa."

"To. Ina za su kai shi?"

"Akwai wurin da ake tanada don irin wannan."

"Wurin wa?"

Aka kwashe da dariya, lauyan ma ya dara. Ni ban yi ba, don na san Baba ba ya tambayar wasa, na kuma ga wasu dattawa biyu sun dubi juna.

Lauyan ya yi abin da kowane mai hankali zai yi a birni. Ya sa aka kafa turaku kewaye da ramin, aka ja wata doguwar leda mai ja da fari, aka sa sanƙira ya yi shela ranar kasuwa cewa za a zo a kwashe abin da ke Ramin Majema, kada kowa ya ɗiba. Abin da ya manta, ko da yake a garin aka haife shi, shi ne mu abin da ke da amfani muke yi wa shinge. Rogo ake killacewa, da garkar barkono, da 'yar bishiyar mangwaro da aka dasa. Ba wanda ya taɓa ganin an yi wa juji shinge. Ramin da ya yi shekara da shekaru a buɗe ko akuya ba a korawa can, ranar da aka kewaye shi ranar ya yi daraja.

Shekarar kuma takin zamani ya fi ƙarfin talaka, masu sayen buhu sun koma sayen kwano. Magana ta fara yawo. Wai wani mai kuɗi ne da ke da ƙatuwar gonar masara ta wajen Tudun Wada ya saye ramin, maganar inshora rufa-rufa ce. Wai babu takin da ya kai na fata ƙarfi. Wani mai garka ya fito fili ya ce shi ya daɗe yana ɗiba kaɗan-kaɗan a ɓoye, sai kowa ya tuna irin barkonon da yake kawowa kasuwa. Masu awon kuma suka yi ta ɗaga zuwansu, a ce wannan watan, a ce sai bayan salla. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, manomi kuwa ba ya jiran kowa in ya ga hadari.

Wata Asabar da hantsi ina kan acaɓa, tun kafin mu shiga gari na ga wani baƙin zane a kan hanya, ɗigo-ɗigo, ya miƙe har iya ganina. Sai warin ya buge ni. Shekara nawa rabona da shi, amma hancina ya gane shi nan take, har na ji kamar ina sanye da kayan firamare.

"Malama, ba ki ji ba?" in ji ɗan acaɓan. "Taki ya faɗi warwas a garinku. Har daga Ƙofa ana zuwa."

Da muka karya kwana na gani da idona. Jakuna a jere, amalanken shanu, kurar 'yan garuwa an cire jarkoki an shimfiɗa buhu, mata da kwanduna a ka. An tumɓuke turakun, ledar mai ja da fari an yanyanka ta ana ɗaure bakin buhu da ita. A cikin ramin mutane kamar ranar bikin kamun kifi, kowa da shebur. Baƙin nan ashe ɓawo ne kawai a sama. Da aka haƙa aka shiga ciki, lakar tana nan yadda aka zuba ta, shuɗiya, da danshinta, da gashinta. Ita suke wawa a kai, wai ta ƙasan ta fi ƙarfi.

Ban shiga gida ba, gona na wuce. Na tarar da Baba yana sauke mangala, gonar ta cika da tsibi irin yawan da ban taɓa gani ba. Hannuwansa sun rine har gwiwar hannu. Na durƙusa na gaishe shi, don ko gobara ake yi sai an gaisa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Uwata, sannu da zuwa. Ya maigidan naki, ya yaran?"

"Lafiya lau. Baba, guba ce. Guba kake kai wa gonarka da hannunka."

"Gubar da zurma take ci tana ƙiba?"

"Ba a tuwo da zurma. Awakin da suka mutu fa? Rijiyoyin fa?"

"Ɗanye suka sha. Kashin kaji ma in ɗanye ne yana ƙona shuka. Wannan ya kwana, ya shekara, ya nuna. Ni za ki koya wa taki?"

Na ce masa in aka kwashe ramin, inshorar ta tashi, ba wanda zai biya a gyara. Ya karkaɗe mangalar, ya mayar wa jakin, sannan ya dube ni.

"An ɗauke mu daga baƙar ƙasa an ajiye mu a kan yashi. Ina tsaye ruwa ya hau gonar ubana, ban ce uffan ba, don ina da ƙuruciya kuma an ce daga sama ne. Yanzu Allah ya kawo baƙar ƙasa har bayan gidana, sai a ce mini motoci za su zo su sake tafiya da ita, in sake tsayawa ina kallo? Sau ɗaya ake yi wa mutum haka, Uwata."

Raina ya ɓaci. Na sa ƙafa na shuri tsibin da ke kusa da ni, na ce wallahi tallahi ko ƙwaya ɗaya ta gonar nan ba za ta shiga cikina ba, ba kuma za ta shiga cikin 'ya'yana ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya kai mu kaka, ya kora jakinsa ya koma rami.

Masu awon sun zo bayan an yi ruwan shuka, an baza taki, an yi huɗa. Farar mota, takalman roba, safar hannu, takunkumi a hanci. Suka tarar da ramin an kankare shi har jar ƙasa ta bayyana a gefe-gefe, sai ɗan abin da ya saura can ƙasa cikin ruwa. Mai unguwa, wanda gonarsa ta fi ta kowa baƙi, ya ce aikin yara ne. Na zaci masu awon za su yi faɗa, na ma so su yi. Ba su yi ba. Suka ɗauki hotuna, suka yi 'yan rubuce-rubuce, muryarsu ƙasa-ƙasa kamar masu zuwa ta'aziyya. Babbansu, wani dattijo mai furfura, ya hau kan tudun ramin ya juya ya dubi gonaki, baƙaƙen kunyoyi gabas da yamma, ya tambayi lauya, "Har ina aka kai?"

Na roƙi dattijon ya ɗebi ƙasar gonarmu ya gwada, ko da ba aikinsa ba ne. Ya yarda. Baba yana tsaye da fartanya a kafaɗa, hannu tsirara, yana kallon mutumin ya tsuguna da safar hannu ya zuba ƙasar a kwalba. Da ya gama ya cire safar a hankali, bai bari bayanta ya taɓa fatarsa ba, ya sa a leda ya ƙulle. Muka biya da shi ta gida, Inna ta kawo ruwa a kwanon sha kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tambayi daga wace rijiya aka ɗebo, sannan ya ajiye kwanon a gefe. Baba ya bi kwanon nan da kallo har baƙon ya tafi.

Amsar ta zo bayan wasu makonni, lauya bai ma tara jama'a ba, ta waya ya gaya mini. Kamfanin inshora sun ce abin da suka ɗauki nauyinsa shi ne dattin da aka zuba a rami. Wanda ke gonaki mutane ne suka kai da kansu, bayan an gargaɗe su, wannan ba ruwansu. A ramin kuma bai saura abin da za a tsaya ana shari'a a kansa ba. Ya ce zai ci gaba da bi, amma daga muryarsa na san ihu ne bayan hari. Game da kwalbar gonarmu, ya ce dattijon ya aiko da saƙo: sinadarin da ake jima da shi ya yi yawa a ƙasar, ba ya ruɓewa kamar taki, zai daɗe a nan, kuma in da shi dattijon ne, ba zai ci abin da aka noma a wurin ba.

Na kai saƙon gida-gida. Wa zai saurare ni? Masara ta riga ta kai gwiwa, kore har ta yi baƙi. Tunda aka kafa garin nan ba a taɓa ganin damina irin wannan ba. Dawar Baba ta fi tsayin mutum a kan jaki, kara kamar rake. Masu wucewa zuwa Kiru da Ƙafin Maiyaki suna tsayar da babur su yi kallo. In na shigo gari matan unguwa sukan tare ni da dariya, "Malama, ya gubar taku? Ga ta can ta fitar da kai." Nakan yi yaƙe in wuce. Tsoro nake ji, kuma duk ranar da gonar ta ƙara kyau tsoron ƙaruwa yake yi.

Jakin ne ya fara. Inda mangala take ɗiga a bayansa gashi ya zube, wurin ya zama gyambo. Aka shafa man shanu, aka barbaɗa toka, aka kira mai maganin dabbobi ya yi allura, gyambon sai faɗi yake. Ya daina cin abinci, ya mutu kafin dawa ta nuna. Aka ce tsufa ne. Sannan hannuwan Baba. Wasu 'yan ramuka suka fito masa a gaɓoɓin yatsu, zagaye kamar an huda da ƙusa, ba sa warkewa. Na ce mu je asibiti, ya ce kaushi ne, ai ko zafi ba sa yi. Rashin zafin nan ya fi komai tayar mini da hankali. Na lura ya fara jan hannun riga yana rufe su in jikoki sun zo. Ba shi kaɗai ba ne, amma kowa ya ɓoye nasa, don wanda ya nuna ya yarda ke nan Malama ta yi gaskiya.

Kaka ta yi. Gari ya cika da hatsi, motoci suka yi ta lodi suna kaiwa birni, masu aure suka yi aure. Baba ya cika rumbunsa har wuya, abin da bai taɓa yi ba tun ina yarinya.

Al'adarsa ce duk kaka, kafin ya ci sabon hatsi, sai ya aika wa kowace 'yarsa da ke gidan miji buhunta. Tunda na yi aure bai taɓa fashi ba, har shekarar fari ya aiko da rabin buhu yana ba da haƙuri. Bana shiru. Na tambayi ƙanwata da ke aure a Doguwa, ta ce ita ma ba ta ga komai ba. Na ɗauka fushi yake da rantsuwata, ya haɗa har da ita. Abin ya ci mini rai. Ba buhun nake so ba, da ya aiko ma ba zan ci ba, amma ina son ya aiko. Na shirya maganganuna tsaf na hau acaɓa.

Na iso bayan la'asar, na tarar da Inna a madafi da tukunya biyu a kan wuta, babba da ƙarama. Gidanmu ba a taɓa raba tukunya ba.

"Inna, baƙi aka yi?"

"Babu baƙi. Babbar tamu ce, dawar kasuwa ce, tumakina na sayar aka auno daga wani gari. Ƙaramar ta mahaifinki ce, daga rumbu. Turmi ma ya ce a ware masa." Ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. "Bafulatanin da yake kawo shanu su ci kara a gonar duk kaka, su bar mana kashi, ya zo jiya. Mahaifinki ya ce masa bana ya wuce gaba. Mahaifinki fa, da kansa, ya kori kashin shanu. Je ki tambaye shi, ni na gaji."

Duk maganganun da na shirya suka zube. Na jira ya dawo daga sallar magariba, ya zauna a zaure, na kai masa akushin da kaina, na durƙusa.

"Baba, a ƙone hatsin nan."

"Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ni ban sani ba. Abinci ne, Uwata, ban taɓa zubar da ƙwaya ba tunda nake."

"To me za a yi da shi?"

"An zo saye, na hana. In kai wa ɗan wani abin da na hana jikokina? Zakkar ma da dawar kasuwa na fitar."

"Kai kuma don me kake ci?"

Ya buɗe akushin. Tuwon ya yi kyau, fari sol, yana tururi.

"Tun ranar da baƙon nan ya ajiye ruwan gidana bai sha ba, ban sake samun natsuwa ba. Amma ba ni da wata gonar. Baɗi nan zan shuka, baɗin baɗi ma nan, bayan raina nan 'yan'uwanki za su shuka. Dole wani ya sani. In ba komai, kin ga ba a yi asara ba, sai kowa ya ci. In da komai, a jikina za a fara gani, ni kuwa na riga na ci shekaruna." Ya dubi hannuwansa. "Gonar farko ruwa ya ci, ina da wanda zan ɗora wa. Wannan da jakina na kai mata."

Na tashi na wanke hannu a butarsa, na dawo na zauna gabansa. Na ce to, in haka ne mu ci tare, na ga ko zai iya kallona. Na miƙa hannu. Kafin yatsana ya kai ya cafke wuyan hannuna. Tunda nake bai taɓa riƙe ni da ƙarfi haka ba, ina jin kaushin ramukan nan a fatata.

"Kin yi rantsuwa, Uwata. Kada ki yi kaffara a kaina."

Ya janye akushin zuwa gefensa, ya yi bisimilla, ya yanki loma. Na zauna ina kallonsa yana ci a hankali, yadda ya saba, yana tsince duk ɗan abin da ya faɗi a tabarma. Da ya gama ya yi hamdala, ya ce in gaida maigidan da yaran.

Da zan fita na bi ta gindin rumbun, na tsaya na dafa shi. Cike yake har wuya, Baba kuwa ba mai ci da yawa ba ne.